Abin da ke Riƙe Mutum a Greenvale

Da wasan bidiyon Deadly Premonition ya fito a Amurka a Fabrairun 2010, a kan na'urar Xbox 360, masu sharhi sun rabu gida biyu. IGN ta ba shi maki 2 cikin 10, Destructoid ta ba shi 10 cif, har kundin Guinness ya sa shi a matsayin wasan tsoro da ra'ayin masu sharhi ya fi saɓawa a kansa. Tun daga nan masoyansa suka riƙe magana guda: wai aibinsa shi ne daɗinsa. Ina cikin masu son wasan, amma rabin wannan magana kawai na yarda da shi.

Hidetaka Suehiro, wanda aka fi sani da Swery, shi ya jagoranci aikin a kamfanin Access Games na Japan. Labarin na wani jami'in FBI ne, Francis York Morgan, da aka tura ƙaramin garin Greenvale a jihar Washinton don binciken kisan wata budurwa, Anna Graham, wadda aka tsinci gawarta rataye a jikin bishiya. Ƙamshin Twin Peaks, shirin talabijin na David Lynch da Mark Frost, ya cika shi, har ma da aka fara nuna shi a 2007 da sunan Rainy Woods sai da aka koma aka yi masa kwaskwarima saboda kamannin sun yi yawa.

Ƙarfin wasan yana cikin yadda garin ke tafiyar da rayuwarsa ko kana nan ko ba ka nan. Kowa da lokacin tashinsa, da wurin aikinsa, da inda yake cin abinci. Kana iya bin mutum a mota ka ga inda zai kwana. York ma yunwa na kama shi, barci na ɗaukarsa, gemu na tsiro masa, in ya daɗe bai sauya kwat ba ƙudaje su yanyame shi. Man mota kan ƙare a tsakiyar daji. Akwai karin kumallon da yake yi da Polly, tsohuwar mai otal: tebur ne dogo, shi a wannan ƙarshe ita a wancan, kunnenta ya yi nauyi, suna ta ɗaga murya. Ba abin da wannan zama ya ƙara wa binciken, amma daga nan ka san tsohuwar, ka fara jin tsoron kada wani abu ya same ta. Tsoro ba ya kama mutum sai yana da abin da zai rasa, kuma Swery ya fahimci haka.

Sai Zach. York na yawan kai yatsu gefen kansa ya yi magana da wani abokin da ba a gani, ko a gaban mutane ne. A dogon tuƙi yana ba shi labarin tsofaffin finafinan shekarun 1980. Sannu a hankali mai wasa zai gane cewa shi ake yi wa hirar, kuma idan ƙarshen labari ya bayyana ko wane ne Zach, wannan sabo na sa'o'i da yawa shi ke sa abin ya taɓa zuciya. A nan na yarda da masoya: jinkirin tuƙin da ake kuka da shi ne ya ba hirar fili.

Faɗan kuwa ba shi da mai kare shi. Dodannin da ke tafe da baya a lanƙwashe suna razanarwa a karon farko, daga nan sai su zama aikin gayya: lungu iri ɗaya, saiti mai tauri, harbi ba ƙarewa. Gudun tsira daga wani makashi mai jar rigar ruwa ya koma danna maɓalli da sauri, ka kuskure a maido ka baya. Taswirar ba ta nuna garin a dunƙule. Kiɗan fito mai nishaɗi yakan faɗo ana tsaka da zancen gawa, ya danne muryoyin. Waɗannan ba su gina komai ba, mutane kawai suka kora kafin su kai inda zumar take.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda kyamara ke daɗewa a kan gawawwakin matan da aka kashe, an shirya su kamar kayan kallo, da yadda aka jingina haukan Thomas, mataimakin sherif, da sa tufafin mata. Wasan da ya nuna wa tsohuwa mai otal irin wannan tausayi ya isa ya yi fiye da haka.

Kashi na biyu, wanda ya fito a Nintendo Switch a 2020, ya gwada maganar masoya. Hoton yana sarƙewa, saƙonnin je-ka-dawo sun yi yawa, wato aibin ya dawo cikakke. Amma Le Carré, sabon garin da ke Luwiziyana, titunansa kusan fayau suke, kuma da wuya ka sami mutumin da za ka so ka bi har ƙofar gidansa.