Wa zai auna numfashin yaro a Lolo?

A Amurka, mai kula da numfashi sai ya yi karatun aƙalla shekara 2 kafin a ba shi lasisi. Mu kuwa tun korona ta 2020 hankalinmu na kan sayen injin numfashi, ba kan wanda zai sarrafa shi ba. A ganina an fara gini daga rufi.

Yaron da nimoniya ta kama a Lolo, ga ƙurar hunturu ga hayaƙin murhu, ma'aikaci yake buƙata wanda zai maƙala masa na'urar awon oksijin a yatsa, ya san ƙasa da kashi 90 na nufin a ba shi oksijin, in babu a tura shi Birnin Kebbi nan take. Wannan ai kwalejin lafiya ta Jega ta isa ta koyar da shi.