Yaƙin faifai ya ƙare, gawar ta iso kasuwa

A 2008 wani dattijo a layinmu na nan Agege, wanda duk muke kira Baba, ya aurar da 'yarsa ta uku. Ya so kayan kallon da za a jera mata su fi na yayyenta, sai ya tura ɗansa kasuwa. Yaro ya dawo da wata na'urar gwanjo, baƙa sumul, an rubuta HD DVD a goshinta. Mai shago ya rantse masa cewa ita ake yayi a Amurka, nan da baɗi kuma DVD sai a labari. Kuɗinta ya ninka na DVD ɗin China har sau uku. An yi sa'a mai gyaran rediyo na bakin titi ya lura ta wutar 110 ce tun kafin a jona ta, aka sake kashe kuɗi aka sayo abin rage wuta.

Bayan kwana bakwai mai ɗaukar bidiyo ya kawo faifan biki. Dangi suka cika ɗakin amarya, aka saka. Na'ura ta yi ta nazari, can ta rubuto cewa ba ta san wannan faifai ba. Aka saka fim ɗin Hausa, haka. Aka saka na tafsiri, haka. Ƙarshenta gidan maƙwabta aka aika aka aro wata 'yar DVD da aka ɗaure murfinta da salatif, ita ce ta nuna bikin.

Na'urar nan fa lafiyarta lau. Ba don irin fayafayanmu aka ƙera ta ba. Kuma abin da mai shago bai faɗa ba shi ne, tun ranar 19 ga Fabrairun 2008, kamfanin Toshiba, wanda shi ne uban HD DVD, ya fito a Tokyo ya ce ya daina ƙera ta. Tun da muka ji sanarwar muka san inda ragowar kayan za su nufa. Duk abin da Turai da Amurka suka yar, kwantena na kawo mana shi Apapa, daga nan ya wuce Alaba.

Ga yadda aka faro. Da talabijin masu faɗi suka yawaita a ƙasashen masu kuɗi, sai hoton DVD ya fara nuna gazawarsa, aka shiga neman faifan da zai ɗauki hoto mai kaifi. Faifai dai rubutu ne na ƙananan ramuka da ido ba ya gani, na'ura tana karanta su da tsinin haske. DVD da jan haske take karatu. Sababbin biyu da shuɗi suke yi, shi kuwa tsininsa ya fi siriri, kamar bambancin rubutu da alƙalamin kara da rubutu da biro: shafi ɗaya ne, amma abin da biro zai zuba a kai ya fi yawa. Faifan DVD na ɗaukar gigabait 4.7, HD DVD 15, Blu-ray 25, idan kuma mai hawa biyu ne kowanne ya kusa ninkawa ko ya ninka. Toshiba da NEC suka tsaya kan HD DVD, Microsoft da Intel suka mara musu baya. Sony da Panasonic da Philips da Samsung suka tsaya kan Blu-ray. A 2005 sun zauna don su haɗa kai su fitar da abu guda, zaman ya watse. A 2006 kowa ya fito da tasa, faifan wannan ba ya shiga na'urar wancan.

Dattawanmu da suka sayi Betamax a farkon shekarun 1980 za su ce ai sun taɓa ganin wannan fim. Sun gani kuwa. A wancan karon Sony ne ya sha ƙasa a hannun VHS, har a 1988 ya haƙura ya fara ƙera VHS ɗin da kansa.

Abin da ya fi ba mu haushi a rigimar shi ne, ba a kan kyawun hoto aka yi ta ba. Duka biyun hoto iri ɗaya suke fitarwa, ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, kuma hanyoyin matse fim a cikin faifan duk ɗaya ne. Kamfanin Warner ya yi ta fitar da finafinansa a kan duka biyun, irin su 300 da The Departed, ba wani bambancin hoto da idon mai kallo zai kama. Rigimar ta kuɗin lasisi ce: wa zai riƙa karɓar la'ada a kan kowace na'ura da kowane faifai da za a buga a duniya. Sai aka raba finafinai kamar gado. Mai son Casino Royale ko Spider-Man 3 dole ya sayi Blu-ray. Mai son Transformers ko King Kong dole ya sayi HD DVD. A Agustan 2007 da Paramount da DreamWorks suka koma HD DVD zalla, jaridar New York Times ta ruwaito cewa tallafin da aka yi musu ya kai dala miliyan 150. LG ya fito da na'ura mai cin duka biyun, amma kuɗinta ya haura dala dubu.

Abin da ya raba gardama na'urar wasan yara ce. Sony ya cusa Blu-ray a cikin kowace PlayStation 3, wadda ta fito a Nuwamban 2006. Kafin a ankara an sayar da sama da miliyan goma, alhali duk na'urorin HD DVD da aka sayar wajen miliyan ɗaya ne. Ranar 4 ga Janairun 2008 Warner ya ce ya bi Blu-ray. A Fabrairu manyan kantunan Amurka irin su Wal-Mart suka ce sun daina ɗauka. Kwana huɗu bayan Wal-Mart, Toshiba ya miƙa wuya.

Mu a ganinmu wadda ta faɗi ta fi tausayin talaka. HD DVD ta fito da farashin dala 499 lokacin da Blu-ray ta farko ta Samsung ke dala 999, kuma a Nuwamban 2007 har dala 99 an sayar da ita a Amurka. Ba ta kulle faifanta da yanki. Tun ranar farko a kammale ta fito. Amma kirkin mamaci ba ya dawo da shi. Universal da Paramount sun koma Blu-ray a makon da Toshiba ya janye, sabon fim ya daina fitowa a kanta. Wanda ya saya yau, ya sayi tukunyar da aka daina noman abin da ake dafawa a cikinta. Araha ba ta ado, balle ma a nan ba da arahar ake sayar mana ba.

To ita wadda ta ci fa? Don kada a ce mun yi shaidar zur, mun je gidan wani ɗan'uwa mai PlayStation 3 da filasma inci arba'in, muka kalli Casino Royale, sannan muka saka DVD ɗinsa na asali muka gwada. Gani ya kori ji, abin yana da kyau. Wurin da ake tsere a kan ƙarafan gini, can sama, kana ganin kowace waya da kowane ƙusa, da ƙurar da ke tashi, da gumin da ke fuskar mutum. Da muka koma DVD sai ka ce an shafa wa gilashin man kaɗe. Lissafi ma ya nuna haka: ɗigon hoton Blu-ray ya ninka na DVD sau biyar, ya ninka na VCD sau ashirin.

Sai dai kyawun nan sarƙa ce, mahaɗi ɗaya ya tsinke shi ke nan. Sai faifan ya zama Blu-ray na gaskiya, na'urar ta zama Blu-ray, wayar ta zama HDMI, talabijin ɗin kuma ta zama mai iya nuna hoton. Muka cire HDMI muka jona da wayar nan da kowa ya sani, mai kai uku, rawaya da ja da fari, zuwa tsohuwar talabijin mai ƙeya inci 21 da ke ɗakin yara. Wallahi babu wanda ya iya cewa ga Blu-ray ga DVD. Mu duba tsakani da Allah, a wancan lokacin gida nawa ne a Zango ke da filasma? Cikin masu ita ma, da yawa an rubuta musu HD Ready ne, wadda ba ta kai cikakken 1080 ba. Ba mu ma zo maganar NEPA ba, da ƙaramin janaretan da za a ce ya ja filasma da fanka da firji.

Sannan ita Blu-ray ɗin ba a gama gininta ba aka fito da ita kasuwa, wannan kuwa abin kunya ne ga kamfanoni masu wannan girma. Hawa uku gare ta zuwa 2008: Profile 1.0, da 1.1, da 2.0. Waɗanda suka yi gaggawa suka zuba dala dubu a 2006, na'urarsu ta 1.0 ce, tana nuna fim amma wasu ƙarin abubuwan da ke cikin sababbin fayafayai sun fi ƙarfinta, kuma ba ta ɗaguwa zuwa sama. Irin waɗannan ne za su fara zuwa mana a gwanjo. Ga kuma makullan hana satar fasaha da ake sabuntawa: wani sabon faifan ba zai buɗe ba sai an sabunta manhajar na'urar. A Amurka mutum ya jona intanet ɗin gidansa ya gama. A nan kuwa a wancan lokacin sai ka je kafe, ka biya kuɗin awa, ka sauko da abin ka ƙona a faifai, ka dawo gida kana addu'a kada a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, don idan aka ɗauke na'urar na iya sumewa gaba ɗaya.

Maganar yanki ita ce ta fi shafar mu, kuma ba mu ji mai shago ko ɗaya yana yin ta ba. A tsarin DVD, mu da Indiya yankinmu ɗaya, na 5. A tsarin Blu-ray an raba duniya uku: Amurka da Japan suna A, mu da Turai da ƙasashen Larabawa muna B, Indiya da China da Rasha suna C. Kamfanin fim ne ke zaɓar ya kulle faifansa ko ya bar shi a buɗe. Ma'ana, alhajin da ya sayo na'ura a Dubai ko Jidda, ƙaninsa kuma ya aiko masa da faifai daga Amurka, suna iya ƙin juna. Mu da fim ɗin Indiya ya zama mana kamar tuwo, an ajiye mu a wani ɗaki, an ajiye Bombay a wani. DVD ɗin China kuwa ba ruwanta da yanki, ba ruwanta da PAL ko NTSC, abin da ka ba ta shi take ci.

Yanzu kowa ya buɗe durowar da ke ƙarƙashin talabijin ɗinsa ya ƙirga. A wancan lokacin finafinan Hausa da ake kawo mana daga Kano, kashi na ɗaya da na biyu, VCD ne. Wa'azi da tafsiri, VCD ne ko MP3. Bikin aure da suna da walimar sauka, abin da mai bidiyo ya ƙona a kwamfutarsa ne. PlayStation 3, duk tsadarta, ba ta karanta VCD, haka ma da yawa daga na'urorin da aka ƙera don kasuwar Amurka, don su can VCD ba ta taɓa karɓuwa ba. Ko ta karanta ma, ba na'urar da za ta ƙara wa fim abin da kyamara ba ta ɗauka ba. Mun saka wani fim ɗin Hausa a kan filasmar ɗan'uwan nan ta hanyar DVD ɗinsa. Da aka zo wurin rawa, fuskar jarumar ta farfashe ta koma 'yan murabba'ai kamar tabarma. A tsohuwar talabijin fim ɗin nan ras yake fita. Wato ka kashe dubban ɗaruruwa don finafinan da ka fi kallo su ƙara muni. A nan laifin ba na Japan ba ne. A wancan lokacin masu shirya fim na Kano su ma ya kamata su dubi Allah su dubi masu saye, ko DVD ce su koma.

A 2008 akwai kuma wata damfara da ta fara yawo a go-sulo da bakin tasha: faifai cikin shuɗin kwali, an buga tambarin Blu-ray a sama, fim ashirin a ciki, naira ɗari biyu. Wannan DVD ce aka danƙara wa finafinai har hotonsu bai kai na VCD ba. Gane shi ba wuya. Idan ya yi aiki a DVD ɗinka ta gida, to ba Blu-ray ba ne, don jan haske ba ya karanta rubutun shuɗi.

Mai gidan wasan yara da zai sayi PlayStation 3 don sana'arsa, ya saya, Blu-ray ɗin kyauta ce ta zo masa, kuma ita ce ake iya ɗaga manhajarta, a Maris ɗin 2008 ma an kai ta 2.0. Masu gidan kallo, ƙwallo ce ke kawo muku kuɗi, ita kuwa ta dish take zuwa, ba ta faifai ba. Sauranmu, musamman iyaye masu haɗa kayan ɗaki, a wancan lokacin DVD mai kyau mai ramin HDMI ta wadatar. Wanda kuma ya ce shi lallai sai ya saya, kada ya yi cinikin biri a sama. Ya tafi shago da fayafayai uku a aljihu, na fim ɗin Hausa ɗaya, na bikin gidansu ɗaya, DVD na asali ɗaya, a saka kowanne a gabansa. Ya juya bayan na'urar ya karanta ko 110 ce ko 220, ya nemi harafin B. Kuma kada ya ba da tsohuwar DVD ɗinsa kyauta, zai neme ta.

Na'urar Baba dai mai shago ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa. Ango ya sayi 'yar China, ya ɗora ta a kan baƙar, tsayin ya yi daidai da talabijin. Mun ji an ce ɗan Baba na neman mai saye. Idan wani saurayi ya tare ku da ita a bakin kasuwa yana cewa ita ake yayi a Amurka, ku ce muna gaida Baba.