Littafin Kinsey a Hannun Matarka

A shekarar 1948 ne Alfred Kinsey, masanin ilimin dabbobi a Jami'ar Indiyana ta Amurka, ya fitar da littafinsa Sexual Behavior in the Human Male, bisa hira da maza kimanin 5,300 game da al'amuransu na jima'i. Ko da yake jadawalin lissafi ne ya cika shi, jama'a sun yi rububinsa.

Matarka sun kasu kashi uku. Malaman addini sun ce zai gurɓata tarbiyya. Masana ƙididdiga, irin su Cochran da Mosteller da Tukey a 1954, sun nuna ba a zaɓo mutanen bisa ƙa'ida ba. Wasu kuma suka ce fursunoni sun yi yawa a ciki. Lionel Trilling, masanin adabi, harshen littafin ya tuhuma: a ganinsa Kinsey ya mayar da jima'i abin ƙirge, ya kuma ɗauki yawan aukuwar abu a matsayin hujjar dacewarsa.

Tarken Trilling ne ya fi shafar manazarcin harshe. An sake tace alƙaluman a 1979 ba tare da fursunoni ba, amma hukuncin da marubuci ya ɓoye cikin zaɓen kalmominsa sai mai feɗe harshe ke iya tono shi.