Wa Ke Da Waƙa? Tarken Amanar Makaɗan Baka A Hannun Masu Yaɗawa Da Manazarta, Tsokaci Daga Unguwar Ogui Ta Inugu

1.0 Gabatarwa

Masana adabin Hausa sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan waƙar baka ta fuskar turke da salo da tsari da tarihin makaɗa. Sai dai ba kasafai ake tsayawa a kan tambayar da ta fi damun makaɗi da magadansa ba, wato shin wa ke da waƙa bayan ta fita daga bakin mai ita ta shiga na'ura?

Wani abu da ya faru a birnin Inugu ya sake tayar da wannan tambaya. A shekarar 2024 ɗan wasan barkwancin nan da ake kira Brain Jotter ya ɗora wata rawa a kan tsohuwar waƙar Mike Ejeagha, makaɗin Ibo mai waƙoƙin tatsuniya, wadda ta fito a faifai tun 1983. Cikin 'yan makonni waƙar ta game ƙasa. Da jama'a suka fara tambayar ina rabon mai waƙar, sai ɗan wasan ya tafi Inugu ya gaishe da dattijon a gidansa, ya kuma yi masa alheri. Ejeagha ya rasu a 2025, bayan ya ga an sake ambaton sunansa tare da aikinsa.

Hausawan da ke zaune a Ogui da sauran zangunan Inugu sun ga wannan al'amari a ƙofar gidansu. Manufar wannan maƙala ita ce ta ɗauki abin a matsayin madubi, ta dubi yadda aka riƙe amanar makaɗan Hausa tun daga zamanin faifai. Za ta nuna cewa Bahaushe yana da nasa tsarin mallakar waƙa tun kafin zuwan doka, kuma babbar hanyar da aka bi aka raba makaɗi da waƙarsa ita ce liƙa mata tambarin "gargajiya", aikin da masu kasuwa da masu nazari duk suke da hannu a cikinsa.

2.0 Mallakar Waƙa A Al'adar Bahaushe

Akwai masu ganin cewa haƙƙin mallakar fasaha baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Wannan ra'ayi bai dace da abin da ke cikin adabin kansa ba.

A ɓangaren rubutacciyar waƙa, al'ada ce marubuci ya ambaci sunansa a baitocin ƙarshe, wani lokaci har da na mahaifinsa da garinsa, sannan ya sanya ramzi don a san shekarar da ya yi ta. Wanda ya zo daga baya yana son ƙara wani abu, sai ya yi tahamisi, ya bar ɗangwayen mai waƙa yadda suke, ya ɗora nasa. Waƙar Tabbat Haƙiƙa kyakkyawan misali ce: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi, kuma har yau ana ambaton sunayen nan uku tare da ita. Aro ma yana da ƙa'idarsa. Sanannen abu ne cewa Aliyu Namangi ya ɗora Imfiraji a kan karin kiɗan caji, amma kari ya ara, kalmomi da ma'ana nasa ne.

A ɓangaren waƙar baka kuwa, makaɗi yakan sa hannu a waƙarsa ta hanyar kirarin kansa da ambaton 'yan amshinsa da makaɗansa. Bakandamiyar Narambaɗa da ta Shata, ban da kasancewarsu taskar fasaha, shela ce ta cewa wannan aiki yana da mai shi. Haka kuma akwai tsarin biya. Makaɗin fada yana ƙarƙashin ubangidansa, shi ke ci da shi, shi ke ba shi doki da riga da gona, ba ya kuma yi wa wani basarake waƙa sai da yardarsa. Makaɗin jama'a kuwa a filin wasa yake karɓar ladansa hannu da hannu. A duk tsarin biyu, murya da mai ita da kyauta wuri guda suke haɗuwa. Ba a jin waƙa sai mai ita yana tsaye. Wannan haɗuwa ce na'ura ta zo ta raba.

3.0 Daga Faifai Zuwa Kaset: Zango A Matsayin Kasuwa

Inugu gari ne da haƙar kwal da jirgin ƙasa suka kafa. Layin dogo ya haɗa shi da Fatakwal a 1916, daga baya kuma ya haɗa shi da Arewa ta Makurɗi. Ta wannan hanya fataken shanu da 'yan koli da masu sana'o'i suka sauka, suka kafa zanguna a Ogui da kewayenta, kamar yadda suka kafa a Anaca da Fatakwal. Zamansu ya yi ƙarfi har Malam Umaru Altine, mutumin lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya watsa waɗannan zanguna, bayansa aka sake taruwa.

Mutumin da ke baƙunci ya fi na gida ƙishin muryar gida. Da farko Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, shi ne ke kashe wa mazauna Kurmi wannan ƙishi, musamman ta shirin Zaɓi Sonka. Faifan garmaho da kamfanoni irin su EMI suka buga wa Shata da takwarorinsa yana da tsada, ba a kuma iya kwafarsa a ɗaki. Amma da kaset ya yawaita daga shekarun 1970, sai duk mai rikoda biyu ya zama kamfani. Ana naɗar waƙa daga rediyo, ko daga faifai, ko a wurin biki, a juya ta sau ɗari, a rubuta suna da biro a bayan kwali, a shimfiɗa a tebur kusa da masallaci ko tashar mota. Brian Larkin, a littafinsa na 2008, ya bayyana yadda kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta zama cibiyar irin wannan juyi da rarrabawa. Anaca ma, wadda ke da halastattun kamfanonin faifai irin su Tabansi da Rogers All Stars, ta yi suna wajen cinikin kaset na jabu. Zuwa farkon shekarun 1990 manyan kamfanonin waje sun janye hannunsu daga harkar, EMI ya koma Ivory, Polygram ya koma Premier.

Ba za a yi adalci ba in aka ce kaset bai yi wa makaɗa rana ba. Shi ya kai muryar Ɗanƙwairo da Ɗan Anace da Barmani Coge inda ƙafarsu ba ta taka ba, ya jawo musu gayyata da kyauta, ya kuma adana waƙoƙin da da sun salwanta. Amma ribar cinikin ba ta koma wa masu waƙar ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da zamani ya juya, sai teburin mai kaset ya zama rumfar mai tura waƙa a waya, daga nan kuma waƙoƙin suka hau intanet, inda wanda ya ɗora su yake iya samun kuɗin talla ba tare da magada sun sani ba. Na'ura ce ta sauya, ɗabi'ar tana nan.

Asarar ba ta tsaya ga kuɗi ba. Mai juyi yakan datse waƙa don ta shiga gefen kaset, ko ya haɗa rabin wata da rabin wata, ko ya ba ta sunan da ya ga dama, ko ya jingina ta ga makaɗin da ya fi kasuwa. Makaɗan fada na ƙasar Sakkwato da Zamfara, waɗanda karin harshensu da tsarin amshinsu suka yi kama a kunnen wanda bai saba ba, su suka fi shan wannan rikici.

4.0 Tambarin "Gargajiya" Da Abin Da Doka Ta Tanada

Bayan ƙorafin mawaƙan zamani a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta PMAN, gwamnatin soja ta kafa Dokar Haƙƙin Mallaka mai lamba 47 ta 1988, wadda ta maye gurbin ta 1970, aka kuma kafa hukumar kula da ita a 1989. Sabuwar doka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ita ta gaje ta. Abubuwa uku daga cikin tanadin waɗannan dokoki sun shafi wannan bahasi.

Na farko, haƙƙin waƙa yana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu. Ke nan waƙoƙin Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, suna da kariya har 2061. Na Shata, wanda ya rasu a 1999, har 2069. Na Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, har 2085. Waɗannan ba kayan tsintuwa ba ne, gado ne mai magada. Na biyu, doka ta ba mai aiki haƙƙin a ambaci sunansa, da haƙƙin hana a jirkita aikinsa ta yadda zai zubar masa da mutunci. Na uku, ta yi wa fasahar al'umma, wato irin su tatsuniya da waƙoƙin dandali da na daka da na raino waɗanda ba a san wanda ya ƙage su ba, wani babi na dabam, ta damƙa kula da su ga hukuma.

A nan ne tambarin "gargajiya" yake yin ɓarnarsa. A bakin manazarta, kalmar tana nufin makaɗi yana amfani da kalangu ko kotso ko taushi ko kuntigi, ba kayan kiɗan Turawa ba. Amma a kunnen ɗan kasuwa tana nufin abin da ba shi da mai shi. Ta haka ake ɗauke waƙar da mutum sananne ya zauna ya tsara, ya gwada da 'yan amshinsa, ya rera a rana sananniya, a jefa ta cikin kwandon "an ce". Waƙar Karen Mota ba tatsuniyar Gizo ba ce; ta Adamu Ɗan Maraya ce. Kayan kiɗan na gargajiya ne, aikin kuwa na mutum ne. Misalin Ejeagha ya ƙara fito da wannan bambanci, domin shi tatsuniyoyin al'ummarsa ya ɗauko, amma babu wanda ya yi jayayya cewa tsarin waƙar da kiɗanta nasa ne.

Akwai kuma wani ƙulli da dokar ba ta warware wa makaɗan Hausa ba. Ita doka ta fi sanin mutum ɗaya mai alƙalami. Waƙar fada kuwa aikin ƙungiya ce: jagora ya kafa gindi, 'yan amshi su karɓa, su ƙara, wani lokaci ma su ne ke cika ɗan waƙa. In an zo rabon haƙƙi, adalci shi ne a tuna da su.

5.0 Amanar Manazarci Da Mai Sharhi

Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Jami'o'i ma sun ci moriyar makaɗan baka. Tun daga kundin Ɗandatti Abdulƙadir a kan Shata na 1975, zuwa ayyukan Sa'idu Muhammad Gusau irin su Makaɗa Da Mawaƙan Hausa, zuwa Shata Ikon Allah na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa na 2006, an ga yadda nazari na gaskiya yake ɗaukaka makaɗi, domin masu su sun nemi makaɗan da iyalansu da yaransu, sun ji daga bakinsu. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Amma a bayan waɗannan akwai tarin kundayen ɗalibai da sharhin jaridu da shirye-shiryen rediyo da aka gina a kan kaset na tebur, ba a san ranar naɗa ba, ba a san wurin ba, ba a kuma tabbatar da mai waƙar ba. Kuskuren mai juyi in ya shiga kundi sai ya zama hujja, na baya su yi ta kafa dalili da shi.

Doka ta yarda a ɗauko wani yanki na aiki don nazari ko sharhi, bisa sharaɗin a ambaci aikin da mai shi. Wannan rangwame bai kai ga buga matanin waƙoƙin mutum dungurungum a sayar ba. Saboda haka ana iya taƙaita amanar da ke wuyan duk mai rubutu ko magana a kan waƙa cikin abubuwa huɗu:

(a) Suna: a tabbatar da mai waƙa kafin a jingina masa, a ambaci 'yan amshi in an san su.

(b) Asali: a faɗi inda aka samo naɗin da aka yi aiki da shi, domin makaɗin baka ba ya rera waƙa iri ɗaya sau biyu.

(c) Cika: kada a datse ko a gyara kalmomin makaɗi, ko a mayar da Sakkwatancinsa Kananci, ba tare da an sanar da mai karatu ba.

(d) Izini da rabo: in aikin zai kawo kuɗi, a nemi makaɗi ko magadansa, a yi yarjejeniya a rubuce. Alherin da aka yi wa Ejeagha abin yabo ne, amma kyauta dabam, haƙƙi dabam. Kyauta ganin damar mai bayarwa ce, haƙƙi kuwa bashi ne.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa girmama mai waƙa tsohuwar ɗabi'a ce a adabin Hausa, wadda sa hannu da ramzi da tahamisi da kirarin makaɗi suke shaida. Ta nuna yadda kaset da na'urorin da suka biyo bayansa suka isar da waƙa ga mazauna zanguna irin su Ogui, suka kuma yanke hanyar da lada ke bi ta koma wa mai ita. Ta kuma nuna cewa kiran aikin sanannen makaɗi "gargajiya" ba tare da bayani ba yana share fagen cinye haƙƙinsa. Aikin da ya rage ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ya kamata sassan harsunan Nijeriya da gidajen rediyon da ke riƙe da tsofaffin naɗe-naɗe su haɗa hannu su tsara rajistar waƙoƙin kowane makaɗi, da sunayen 'yan amshinsa da magadansa, tun waɗanda suka san amsar suna raye. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.