Jinjina ga Dattawan Ƙananan Majami'u

Duk mai bin hanyar Gubi daga cikin garin Bauchi ran Lahadi zai ga ƙananan majami'u masu rufin kwano, waɗanda dattawa ke riƙe da su ba tare da albashi ba. Wannan tsari yana da dogon tarihi. Cocin Presbyterian, wadda ta kafu a Sikotlan a 1560 bisa koyarwar John Calvin da jagorancin John Knox, ta tsaya a kan cewa Littafi Mai Tsarki ne ma'auni, ceto alherin Allah ne, kuma zaɓaɓɓun dattawa ne ke tafiyar da ikilisiya tare da fasto. Hope Waddell ya kawo ta Kalaba a 1846, Mary Slessor ta iso a 1876 ta yaƙi kisan tagwaye. A ƙasar Bauchi ECWA da COCIN suka fi yawa, amma su ma da dattawa suke gudanar da majami'unsu.

Wasu na cewa shawarar mutane da yawa tana jawo jinkiri, wani lokacin har da gardama. Haka ne, sai dai jinkirin nan shi ke hana mutum ɗaya mallake baiko ko mimbari. Idan an yi wa fasto canjin wuri, dattawa ke ci gaba da ziyarar marasa lafiya, sasanta ma'aurata da kula da gwauraye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Waɗannan bayin Allah sun cancanci jinjina daga Kirista da Musulmi baki ɗaya.