Gado Ya Cinye Ɗaki

Hutun da ya wuce na koma gida Bonkuku bikin taubashiyata. Ranar jere mota ta iso daga Yamai shaƙe da kaya: gado turwa palas, armuwar mai ƙofa uku, kwafez da madubinta, da bife na jera kwanoni. Armuwar ta ƙi shiga. Sai da aka cire ƙyaure, aka sassaƙe bakin ƙofa, sannan maza huɗu suka cusa ta, mata na ta guɗa. Duk wadda ta leƙa sai ta ce, "Kai, ɗaki ya yi!" Da asuba na ga amarya ta sulalo tsakar gida da sallayarta. Ɗan filin da ya rage a ɗakin siriri ne, kuma bai kalli gabas ba.

Da rana na ari igiyar awon tela na auna. Ɗakin mita 3 ne a kan 3, wato murabba'in mita 9. Gado ya ɗauki 3,6. Armuwar, kwafez da bife sun haɗu sun ci kusan 2,5. Buɗin ƙyaure ya ci nasa. Abin da ya saura bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, shi ma a yayyanke, lungu nan lungu can. Mahaifiyarta ta zuba kuɗin dankalin turawa na shekara guda, ta ƙara da zubin adashi, don ta saya wa ɗiyarta ɗakin da ba a iya sujada a cikinsa.

Da na ba wasu abokan karatu labari, sai suka ce maganin yana cikin waya. Kun san bidiyoyin nan da ke yawo a TikTok da Facebook, na yadda za ka gyara ƙaramin ɗaki: gado mai aljihuna a ƙasa, tebur da ke fitowa daga bango, kanta har rufi, farin fenti da madubi don ɗaki ya yi kamar ya buɗe. Na kalle su da yawa, kuma ban ce babu basira a ciki ba. Amma talla ce sanye da rigar shawara. Kowane ɗaya ƙarshensa "sayo wannan". An yi su ne don mai bangon siminti da ke riƙe ƙusa, mai lantarkin da ba ya ɗaukewa, mai shagon IKEA a bayan gida. Ka kafa wannan kantar a bangon laka ka ga ko za ta ga damina biyu. Katakon garin itace da ake yin su da shi kuwa, ga gara tuwon sallah ne. Sannan babu mai yin bidiyon da ya san watan Afrilu a Filinge, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kowa ya jawo tabarma waje, gadon alfarma ya kwana shi kaɗai.

Kuskuren bidiyon da na jeren taubashiyata iri ɗaya ne. Dukansu sun ɗauka cewa ɗaki waje ne da ake cikawa da kaya, gardamarsu kawai a kan wane kaya. Harshenmu bai ɗauke shi haka ba.

Ku saurari tsohuwa tana maganar ɗakinta. Za ku ji aikatau ne suka fi yawa: a shimfiɗa, a naɗe, a rataya, a jingine, a kife, a tura ƙarƙashi. Kalmar "shimfiɗa" kanta, wadda muke nufin wurin kwana da ita, daga aiki ta fito. Abu ne da ake yi da dare, a warware da safe. Tabarma ta naɗe ta tsaya a kusurwa, buzu ya hau maratayi, ƙwaryar nono ta hau ragaya inda tururuwa da yara ba sa kaiwa, fitila ta shiga alkuki, tufafi suna adudu, faifai ya rufe abin da ya saura. Fili ɗaya ne, amma da asuba masallaci ne, da hantsi wurin kitso, da azahar wurin baƙi, da dare makwanci. Kakanninmu da lokaci suke raba ɗaki. Mu kuma muna so mu raba shi da mita, alhali mitar ce ba mu da ita.

Yanzu ku dubi kalmomin jeren zamani: armuwar, kwafez, bife. Duk sunaye ne, duk aro daga Faransanci, kuma babu wanda ake naɗewa a cikinsu. Inda aka girke su nan za su tsufa. Ba aron ne laifi ba. "Akwati" ma baƙuwa ce, kuma ta zauna lafiya da mu domin tana shiga ƙarƙashin gado. Laifin shi ne mun aro kayan ba mu aro faɗin ɗakin da aka ƙera su dominsa ba.

Mu ƴan Imanan ba ma buƙatar tafiya nesa neman misali. Gadon Abzinawa na gargajiya kwance shi ake yi sanda-sanda, a ɗaure, a aza wa jaki ko raƙumi, a kafa shi wani wuri kafin rana ta faɗi. Masu bidiyo suna yabon mutanen Japan da ke auna ɗaki da yawan tabarmi, suna naɗe katifa kowace safiya. Mu muna kallo muna jinjina kai, ga tabarmar kaba jingine bayanmu. Ga ƴan ajinmu masu son karin sauti: mun sayi gado, mun yar da gādo.

Sai dai ba zan yi rashin adalci ba. Na faɗa wa Inna, mahaifiyar amarya, abin da na auna. Ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyag ga, mi kika sani? In ta tahi da tabarma ɗai, gobe dangin miji su ce ba ta da uwa. Kuma kayan ga nata ne hwa, ba nashi ba."

Na rasa amsa nan take, don tana da gaskiya biyu. Ta farko, jere magana ce. Yana gaya wa gidan miji cewa yarinyar nan tana da mutane a bayanta. Ba banza ba Hausa ke cewa mace "ta koma ɗakinta" idan aure ya gyaru, kuma a Tamashek kalmar "ehan" tana nufin tanti, tana kuma nufin aure. Ta biyu, kayan ɗaki dukiyar mace ce da miji ba ya da iko a kai. Tsofaffi suna ba da labarin yadda a yunwar 1984, da kuma matsin 2005, tasoshi da kwanonin jere suka fita kasuwa suka dawo da hatsi.

Amma nan ne hujjar ta juya. Tasar tagulla tana shekara talatin ba ta rage daraja ba, kuma goma suna hawa kan juna su zauna a wurin ɗaya. Armuwar ta garin katako fa? Damina uku ta kumbura, madubi ya tsage, ranar tashi ba ta fita ƙofa sai a karye. Ba ajiya ba ce, ba ta kuma bar wurin zama ba. Ta faɗi a jarrabawa biyu.

Abin da nake cewa ba mu koma zamanin da ba ne. Gado mai wurin mutum biyu, mai dogayen ƙafafu, ya isa: akwatunan ƙarfe biyu su shige ƙarƙashinsa, an huta da armuwar. Tun wajen gini a ce wa magini ya bar alkuki biyu ko uku, kyauta ne. Ƙyaure ya buɗe waje, ko a sa asabari. Sauran kuɗin, in don mutunci ne da ajiya, tunkiya tana haihuwa, ƴan kunnen zinari kuma ba sa cin ko taƙi ɗaya na ɗaki.

Mu da ke kwana uku-uku a ɗakunan haya na Harobanda mun riga mun san wannan. Kowace safiya muna jingine katifa don a samu wurin karatu, walis ita ce tebur, ƙusa ita ce armuwar. Muna kiran sa talauci, muna jiran ranar da za mu sayi turwa palas. Kafin ranar ta zo, a fara shimfiɗa sallaya a kalli gabas, a bar wurin baƙo biyu. Abin da ya rage shi ne rabon kafinta.