Gwanin Saita Sitiyarin Tseren Kwamfuta

Mai tseren mota a kwamfuta ba ya jin kujera na girgiza, ba ya jin mota na fizgarsa a kwana. Duk labarin da taya za ta ba shi, ta tafin hannu yake iso masa. Shi ya sa wanda ya iya saita sitiyari ya fi mai zafin ƙafa burge ni.

Da manhajar da ke sada sitiyari da kwamfuta ake farawa, kamar G HUB ga sitiyarin Logitech G29, wanda ya shigo kasuwa a 2015. Juyinsa digiri 900 ne, kuma tilas adadin ya yi daidai a manhajar da cikin wasan, in ba haka ba ka karkata kaɗan, mota ta yi daji.

Wurin saita ƙarfin da sitiyari ke maido wa hannu ake gane gwani. Sabon shiga ƙure shi yake yi, a ganinsa nauyi ne tuƙi. Gwani kuwa ragewa yake yi, don ya san da zarar injin sitiyarin ya kai maƙura, komai ya zama nauyi ɗaya, hawa gefen titi da zamewar tayar gaba ba ka bambance su. Sai ya yi ta zagaya fili guda a wasan Assetto Corsa, yana rage kaɗan-kaɗan, har ya ji lokacin da sitiyari ke sakin jiki gab da taya ta suɓuce.

Sai fitilun canjin giya. Na G29 a jikinsa suke, daga kore zuwa ja. Masu son aikin hannu kan haɗa nasu da allon Arduino da zirin fitilun WS2812B, manhajar SimHub kuma ta riƙa karanto gudun inji daga wasan. Wasannin F1 ta ƙofa mai lamba 20777 suke turo bayanan, amma sai an kunna ta a saiti; mutane da yawa nan suke maƙalewa, su ɗora wa waya laifi.

Gwani ba ya barin jar fitila ta jira ƙarshen kukan inji. Yakan nemo inda giya ta gaba ta fara fin ta yanzu jan mota, ya sa fitilar ta ƙyafta gab da wurin, don kafin ido ya gani yatsa ya taɓa, inji ya ƙara gaba. Kowace mota da lissafinta, sau da yawa ma kowace giya.